Ƙwai Tamanin a Injin Gwaggo

Ko da tsufa zai kai ni ga mance sunayen jikokina, ba na jin zan mance makon da injin ƙyanƙyasar da na haɗa da hannuna ya kusa kashe wa Gwaggo ƙwai tamanin.

Lokacin ban daɗe da gama kwalejin fasaha ba, na dawo ƙauyenmu a gefen Bunkure ina jiran aiki, kaina a kumbure. Kowa ya tafi fadama dashen tumatir, ni ina ɗaki da wayoyi. Da wani tsohon firiji na haɗa injin. Na sa masa hita, da ɗan allon da ke lura da zafi yana ba da umarni, wanda muke kira ƙwaƙwalwa, mai 'yar koriyar fitila kamar ido a jikinsa, sai ƙaramin moto irin wanda ake kira servo, aikinsa ya karkata tiren ƙwai duk bayan awa biyu, kamar yadda kaza ke juya su da baki. Duka na jona su da batirin sola ta cajar waya guda ɗaya. Na gwada shi kwana uku, yana aiki lafiya lau.

Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta raine ni bayan rasuwar innata. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu babu wanda ya kai ta sanin kaji. Da ta ga tiren yana motsi shi kaɗai, sai ta yafa mayafi ta bi gida-gida. Matan unguwa suka kwashe ƙwai daga ƙarƙashin kajinsu suka ba ta, don kawai ta ce musu, "Ɗana ne ya yi, ni na tsaya masa." Ashirin ne nata, sauran amanar mutane ce.

A rana ta biyu abu ya lalace. Da lokacin juyi ya yi, sai moton ya ɗauki karkarwa yana ƙara, tiren ya ɗaga kaɗan ya tsaya, hita ta mutu, komai ya koma farko. Na ce moton ne jabu. Na hau mota a Kwanar Gafan na shiga Kano na sayo wani, shi ma haka. Na ce to umarnin da na rubuta wa ƙwaƙwalwar ne, na goge na sake, na kuma gogewa. Gabana faɗuwa yake duk sanda na ji sallamar mace a ƙofar gida, don na san ƙwan da ba a juyawa ɗan tsakon manne wa ɓawo yake ya mutu.

Gwaggo tana zaune kan tabarma kusa da injin tana tsintar shinkafa, ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan ɗan koren idon fa ƙiftawa yake duk sanda abin zai motsa."

Ko waiwayowa ban yi ba. Na ce, "Gwaggo, wannan ba irin aikinku ba ne."

Ta ci gaba da tsintarta. Har yau idan na tuna wannan maganar kunya nake ji.

A rana ta shida na sauke girman kai na je Kura wurin wani mai gyaran sola da injinan ban-ruwa, mutumin Filato ne da ya daɗe a garin. Ya ɗauko ni a babur ɗinsa muka biyo gefen kanal ɗin ban-ruwa har gida. Ina ta zuba masa Turanci a hanya, shi dai "to" yake cewa. Da muka shiga, bai ko buɗe jakarsa ba. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, sannan ya ce, "Injiniya, wa ya fi zama kusa da injin nan?"

Na nuna ta da baki.

Ya gyara zama a ƙasa ya ce, "Mama, me kika gani?"

Ta ture farantin shinkafa gefe. Ta ce idon yana dushewa ne daidai lokacin da tiren zai tashi, ba kafin nan ba, ba kuma bayan nan ba. Ta ce kwana ukun da na yi ina gwaji babu ƙwai a ciki, ko sau ɗaya bai yi haka ba. "Ni dai a ganina," in ji ta, "kaya ne suka yi wa moton nauyi yake janye wutar ɗan'uwansa. Haka gonar ƙanena take a ƙarshen kanal. In na sama suka zura tiyo gaba ɗaya, shi sai dai ya kalli laka."

Mutumin ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Mama, ai kin gama aikin. Ni waya kawai zan ɗaura."

Duk da haka sai da ya tabbatar. Ya ɗora mitarsa a kan wayoyin da ke shiga ƙwaƙwalwar, ya ce in sa moton ya motsa. Ina kallo lamba ta faɗo daga biyar ta yi ƙasa, koren idon ya ƙifta. Cajar wayar ba ta da ƙarfin ciyar da moto mai ɗauke da tire cike da ƙwai, ga shi kuma ta cikin allon na bi da wutarsa, a kan 'yar siririyar waya. Da moton ya ja, sai ƙwaƙwalwar ta suma ta farfaɗo ta mance inda take.

Ya ciro wata 'yar na'urar rage wuta mai ƙarfi, ya ja wa moton layinsa daban tun daga batir da waya mai kauri. Ni da zumuɗi na kunna kafin ya ce, sai moton ya hau fizge-fizge, na ji ƙwai suna gwaruwa, Gwaggo ta yi salati. Ya kashe da sauri. Bai yi mini faɗa ba, ya nuna mini baƙar wayar moton da ta allon ya ce, "Ka raba musu abinci, amma dole ka haɗa waɗannan biyun, in ba haka ba ba za su ji maganar juna ba." Ya murɗe su wuri ɗaya, ya maƙala kafasita, wata 'yar aba mai ajiye wuta, kusa da moton don ta tare jan farko. Muka kunna. Tiren ya karkata a hankali har ƙarshe, idon bai ko motsa ba.

Murnata ba ta yi nisa ba. Na ce masa kwana biyar ke nan ba a juya ƙwan nan yadda ya kamata ba, ina jin duk bara-gurbi za su zama. Ya buɗe firijin ya ɗauko ɗaya, ya juya shi a hannunsa, ya miƙo mini. Akwai ɗigon gawayi a gefe guda. Na duba sauran, kowanne da nasa.

Gwaggo ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Bayan kowace salla nake juya su. Gawayin don kar in rikice ne. Na ga hankalinka a tashe yake, shi ya sa ban faɗa maka ba."

Idona ya cika da ƙwalla a gaban baƙo. Matar da na ce ba aikinta ba ne ita ta gano ciwon tun rana ta biyu, ita kuma take rufa mini asiri sau biyar a yini.

Ranar ashirin da ɗaya 'yan tsaki sittin da bakwai suka fito. Matan unguwa suka cika tsakar gida da kwanduna, ana ta sa mini albarka, Gwaggo tana cewa, "Ai na gaya muku ɗana ne ya yi." Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Yanzu shekaruna da yawa ina wannan sana'a, kuma duk moton da aka kawo mini yana karkarwa, wutarsa nake fara aunawa, da kaya a kansa. Amma babban abin da na koya ya wuce waya da mita: kafin in buɗe jakata, sai na nemi wanda ya fi zama kusa da injin, na zauna a ƙasa na tambaye shi abin da ya gani.