Hoton Sheƙar Acca

Ranar wata Asabar ce ta watan Satumba, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Goggo Laraba ta faɗo gidanmu na Kafanchan ba sallama, da kwandon gwaza a kanta. Ina tsugune bakin rijiya ina wanke kayan makaranta, Mama na tankaɗe a ƙofar kicin, Baba kuma yana gindin mangwaro da tarin littattafan 'yan ajinsa da jan biro. Goggo ƙanwar Baba ce, daga ƙauyenmu na bayan Godogodo take kawo kaya kasuwa, kuma ba ta taɓa shigowa ba ta fara da tsokanata ba. Ranar ko kallo ban ishe ta ba. Ta tsaya tsakar gida tana haki, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ina Ishaya? Yaron nan ya kashe mu. Hoto yana gilashi, kowa yana gani." Daga nan ta koma yarenmu, ta rage murya, ta faɗa wa Baba wata magana da ban ji ba. Na dai ga biron ya faɗi ƙasa, Baba bai sunkuya ya ɗauka ba.

Ishaya yayana ne. Ina da shekara tara a lokacin, shi yana da sha biyar. Shi ne wanda daga baya sunansa ya riƙa fitowa a ƙarshen manyan finafinai a matsayin mai ɗaukar hoto, har ana kiransa ƙasashen waje ana ba shi lambar yabo. Amma a wancan lokacin dogon yaro ne mai ɗan wuya, wanda ba ya magana sai an matsa masa. Kyamararsa wata 'yar baƙar akwati ce da wata Baturiyar asibitin mishan ta bar wa Baba da za ta koma ƙasarsu. Baba ya kulle ta tare da kwat ɗinsa na Lahadi, Ishaya ya yi ta naci har aka gaji aka ba shi. Fim ɗaya hoto goma sha biyu yake ɗauka, shi kuwa sai ya yi wata biyu bai ƙarar ba, don ba ya danna abin nan sai haske ya yi masa yadda yake so. Sai ya tsayar da mutum a rana har murmushinsa ya bushe. Idan na yi ƙorafi ya ce, "Rahila, bari rana ta juya kaɗan." Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, ni ce mai ɗaga hannu tun malam bai gama tambaya ba, kuma a Sande Sukul, ajin yara na ranar Lahadi a coci, an koya mini cewa ƙarya zunubi ce, na riƙe da hannu biyu.

Kowane hutun Agusta ƙauye ake kai mu. Can ne muke korar tsuntsaye a gonar acca da gwangwani da tsakuwa, mu ɗebo ruwa a rafin da ke gaban gari, mu gasa ɗanyar masara a murhun Kaka har hancinmu ya yi baƙi. Da yamma 'yan mata su ja ni wasan gaɗa suna yi mini dariya don yarenmu a bakina ya karkace. Kakanmu namiji, Baba Tsoho, bai damu da ni sosai ba, Ishaya ne ɗan gabansa. Shi ne jikansa na fari. Idan aka yanka kaza, hantar Ishaya ce. Shi ya koya masa ɗana tarkon gafiya da gane ruwan da zai zo daga kalar gajimare. "Abokina" yake kiransa, su zauna kan gungume ɗaya awa guda ba wanda ya ce uffan, kuma ka ga su biyun sun ƙoshi.

Sai dai Baba Tsoho bai taɓa shiga majami'a ba. Shi ne mai riƙe da dodon garin. Bayan gari akwai wani kurmi da aka kewaye da shingen ƙerana mai ƙaya, kuma daga cikinsa wata murya takan fito, mai kauri, mai rawa, wadda ba ta yi kama da ta mutum ko ta dabba ba. An ce kakannin da suka mutu ne suka dawo yin magana. Da ta tashi, mata sukan yar da abin da ke hannunsu su shige ɗaka. Wani lokaci dodon kan fito fili, tulin ciyawa tun daga sama har ƙasa, yana juyi, mata na waƙa daga nesa da kai a sunkuye. Dokar guda ce, mace ko yaron da ba a shigar da shi kurmi ba, ba ya sanin abin da ke ƙarƙashin ciyawar. Ana raɗe-raɗin wata mata a zamanin da, wadda ta leƙa, dodo ya haɗiye ta, ko kabarinta babu. A Kafanchan fasto ya ce mana duk wannan ba kome ba ne, na kuma yarda, amma duk ranar da muryar ta tashi a bayan zanen Kaka nake samun kaina. An shigar da Baba kurmin yana yaro, kafin ya yi baftisma, kuma har ya mutu bai taɓa faɗin abin da ya gani ba. Ya dai hana a shigar da Ishaya, don haka a idon garin Ishaya da mata duk ɗaya ne.

A hutun shekarar ruwa ya ɗauke na kwana uku, Kaka ta fitar da accar fari kan falalen dutsen da ke ƙarshen gari don ta sheƙe. Ni ce mai miƙa mata ƙwarya. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, rana kuma ta ɓullo ta ƙarƙashinsa daga yamma, sai ƙaiƙayin da ke tashi daga faifan Kaka ya riƙa walƙiya. Ishaya ya ga haka ya rikice. Ya ce daga ƙasa ba zai samu ba, ya haye wani dogon dutse da awaki kaɗai ke hawa, ya kwanta rub da ciki, ya jira. Mu mun ba kurmi baya. Shi kuwa idonsa na kan ƙaiƙayin, bai lura cewa daga inda yake kyamarar ta haura shingen ƙerana ba, daidai gurbin da iska ta kayar da wata babbar bishiya. Ya danna sau ɗaya ya sauko yana murmushi, muka kwashe accar da gudu kafin ruwa.

Da muka dawo gari ya kai fim ɗin wurin mai wanke hoto na hanyar tashar jirgi, wani mutumin kudu da bai san kome game da dodo ba. Hoton ya burge shi, har bai jira mai shi ba ya faɗaɗa shi kamar faɗin tire, ya kafe a gilashin shagonsa don talla. Kwana uku yana nan, a hanyar da matan ƙauyukanmu ke bi zuwa kasuwa. Abin da Goggo ta gani ke nan ranar Asabar. Baba ya saka takalmi ya fita, ya dawo da abin a naɗe cikin jarida, ya kira Ishaya ɗaki. Ni ba a nuna mini ba, aka kulle hoton a akwati.

Ranar Talata wani mutum ya zo a kan keke. Ya ƙi zama, ya ƙi ruwa. Ya ajiye wani ƙullin ganye a bakin ƙofarmu, ya ce dattawa na kiran Malam da ɗansa da hoton, da duk wanda ke cikin hoton, ranar Jumma'a. Ganyen nan ya kwana biyu a wurin, ba wanda ya share shi, har kajinmu kewaye shi suke yi, ko kuwa ni ce nake ganin haka. Ishaya ya daina cin abinci. Mama ta tara matan zumuntar coci suka yi addu'a a falo da ƙofa a rufe. Fasto ya zo ya ce kada mu je, mu ba mutanen dodo ba ne. Baba ya ce idan ba mu je ba, tsohon ne zai ɗauki abin shi kaɗai, a yanke gidansa daga gari, ranar da ya mutu ba mai haƙa masa rami. Ranar tafiya Mama ta murɗe mini kunne ta ce, "Rahila, ki kama bakinki." Kullum haka take ce mini, safe da yamma, don haka maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Sai da na girma na gane dabarar da dattawan suka shirya. Ba sa son korar jikan Baba Tsoho. A wurinsu asiri bai tonu ba muddin ba macen da ta buɗe baki ta ce ta gani. Don haka za a nuna hoton ga matan da suka bi ta hanyar tasha, ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowa. Idan duk suka ce ba su ga kome ba, a ƙone hoton, a yanka akuya, magana ta mutu. Kowace mace a garin ta san abin da ake so ta ce. Ni kaɗai ce ban sani ba, kuma ba wadda za ta iya gaya mini, don gaya mini ɗin ma amsa laifi ne.

Da hantsi aka taru ƙarƙashin ɗorawar tsakiyar gari, maza a kan duwatsu, mata a durƙushe gefe. Ishaya na tsaye shi kaɗai a tsakiya. Baba Tsoho na zaune da sandarsa a kan gwiwa, bai dubi kowa ba. Aka buɗe jaridar, aka fara kiran mata. Goggo Laraba ta duba ta ce ta ga uwarta da acca. Ta biyu ta ce ta ga hadari. Haka har wajen mata goma. Aka zo kan Kaka, ina manne da ita. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Na ga na tsufa. Na ga jikata. Na ga itatuwa." Wasu dattawa har sun fara gyara zama, an kama igiyar akuya. Ni kuwa a lokacin na fara ganin hoton, kuma abin yana nan ƙarara a kusurwar sama, mutum biyu a cikin kurmi, haske ya sauka a kansu. Tausayin matan ya kama ni, na ɗauka idonsu ne ba kyau. Na miƙa yatsa kamar yadda nake yi a aji, na ce da ƙarfi, "Kaka, ba ki gani ba? Ga Kawu Dogo nan cikin rigar dodo, ga Baba Tsoho zai sa masa kan!"

Hannun Kaka ya rufe mini baki, mai warin daddawa, amma ya makara. Mata suka kife fuska a ƙasa. Wata ta fara kuka a hankali. A nan na san na yi wani abu da ba ya gyaruwa, ko da yake ban san mene ne ba. Duk dattawan suka juya ga Baba Tsoho, don hukuncin a bakinsa yake. Ya dafa sanda ya miƙe. Ya ce yarinya ido gare ta, ba ta da laifi, mai laifi shi ne wanda ya ba ta abin gani. Ya ce daga yau ƙafar yaron nan ba za ta ƙara haye rafin garin ba. "Yaron nan" ya ce, bai kira sunansa ba. Aka jefa hoton a wuta, aka karɓe kyamarar.

Rafin ya cika ranar. Ishaya ne ya goya ni muka haye, ina kuka ina jiƙa masa wuya. Abin da ya ce mini duka bai wuce "Riƙe ni da kyau" ba. Bayan wata guda Goggo ta kawo mana gwaza, a ƙasan kwandon ga kyamarar naɗe a tsohuwar hular Baba Tsoho. Ba saƙo, ba gaisuwa. Da ita Ishaya ya ci gaba, har ya samu aiki a Kaduna wurin masu ɗaukar silima, daga can duniya ta san shi. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce yana da wata ɗabi'a mai gajiyarwa, ba ya yarda a fara ɗauka sai ya bi kusurwa huɗun nan da ido, ya tambayi ko wane ne wancan a baya, ko ya san ana ɗaukarsa. Baba Tsoho ya rasu bayan shekara huɗu. Muka haye muka binne shi, Ishaya na tsaye a wancan gefen rafi tun safe har aka gama, hularsa a hannu.

Yau an sare kurmin, citta ake nomawa a wurin. An yi gada a kan rafin, yara na tsayawa a kai suna ɗaukar junansu da waya, hoto ɗari a yini, ba mai duba abin da ke bayansa. Duk dattawan da suka zauna ƙarƙashin ɗorawar nan sun mutu. Bayan Ishaya ya yi suna, 'yan garin sun aiko masa har sau uku ya zo a karrama shi, suka ce ai wancan zamanin ya wuce. Ya gode musu, bai je ba. Na tambaye shi dalili a shekararsa ta ƙarshe, yana kwance, ya ce, "Wanda ya ce kada in haye ba ya nan, wa zai ce in hayo?" Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko sau ɗaya, na kuwa so a ce ya yi. A Kaduna muka binne shi. Ni da na yi maganar, har yau a ƙauyen nake cin Kirsimeti.