Ranar da Aka Yi Zama a Kan Karen Baba Tsoho

Har yau in na ji warin kananzir sai na ga tsakar gidanmu na Tudun Wada, ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci. Bari in faɗa muku waɗanda ke wurin. Akwai Baba da Mama. Akwai Kawu, mai gyaran motoci, da matarsa tana goye da jariri. Akwai Gwaggo, wadda ta zo gaisuwa ta tarar da magana ta zauna. Akwai kakanmu, Baba Tsoho, a kan kujerarsa ta katako, ya lulluɓe ƙafafu da bargo. Sai ni, 'yar shekara tara. Sai karen, yana kwance a tsakiya, bai san a kansa ake zaman ba.

Tsohon kare ne ja, bakinsa ya yi furfura. Da shi Baba Tsoho ya yi gadin ma'aikatar kuza shekara da shekaru, a sanyin Jos mai shiga ƙashi. A daminar shekarar gashin karen ya fara zuba, fatar ta fito ja. Ana cikin haka ƙuraje suka feso wa jaririn Kawu a wuya, matarsa ta ce ita da karen nan sai ɗaya ya bar gidan. Masu sayen karnuka kuwa suna zagayawa ran Litinin, kuma kowa ya san tukunyar da suke kai su.

Kowa ya kawo dalilinsa. Kawu ya ce ƙazuwa ce, ya sha ganin irinta a gareji. Mama ta ce ƙuma ce da kaska. Baba ya ce tsufa ne kawai, shi ma ai kansa ya soma sanƙo. Gwaggo ta rage murya ta ce wani ne ya watsa masa ruwan zafi da gangan, kuma ta san gidan.

"Ke kullum kin san gidan," in ji Kawu.

Baba Tsoho yana ta murza bakin bargo.

Ni ba a sa ni makaranta ba. Yayyena maza su tafi da safe, ni in wuni a gida ina sussukar acca, ina kallon abin da mutane ba su kula da shi. Na san kare mai ƙuma, gindin wutsiya yake cizo. Na san mai ƙazuwa, ba ya iya zama don susa, kunnuwansa su yi ɓawo. Namu ba ya susa. Kuma in tsufa ne, me ya sa wuya da baya suke cike? Wuri biyu kaɗai ya zube, a kwankwaso, dama da hagu, kowanne faɗin tafin hannu. Wace cuta ce ke auna wuri daidai haka?

Na kasa haƙuri na ce, "Kawu, in ƙazuwa ce, me ya sa ba ya susa?"

Mama ta harare ni. "Wa ya sa bakinki? Tashi ki duba wake."

Aka yanke cewa gobe za a ba da shi.

Da la'asar na nemi karen ban gan shi ba, kujerar Baba Tsoho kuma babu kowa. Na zagaya bayan rumbu, inda rana ke bugun dutse ya yi ɗumi. Can na same su. Tsohon ya buɗe gwangwanin maganin gwiwarsa, wanda yake haɗawa da kansa: man kaɗanya, kananzir, da dakakken barkono. Ya shafa wa gwiwarsa, sannan ya ɗebo ya dafa kwankwason karen yana murzawa a hankali, dama da hagu. Karen ya runtse ido ya jure.

Na ce, "Baba Tsoho, wannan ne ke cinye masa gashi."

Ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "Da safe sai ya yi yunƙuri uku kafin ya miƙe. Sanyin da ya shige ni shi ya shige shi. Na ce abin da ya yi mini amfani zai yi masa." Ashe tun a wurin zaman ya fara zargin kansa. Amma makon da ya wuce ya bar lema a coci, ya ji 'ya'yansa suna raɗa cewa hankalinsa ya soma tafiya. "In suka ji wannan, sai su hana ni fita ni kaɗai. Kada ki faɗa, kin ji?"

In na yi shiru a yanka kare, in na faɗa in kunyata tsoho. Na ci tuwon yamma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Kwanakin baya, yanzu da na tsufa, gashin karen ɗana ya zube, can gidansa na unguwar Rayfield. Aka kira likitan dabbobi, ya ɗebi jini, ya lissafa abubuwa: ƙwari, abincin da bai karɓe shi ba, wata cuta ta cikin jiki da ke kama tsofaffin karnuka. Na saurara da kyau, don yawancinsu ban taɓa ji ba. Da ya gama na ce, "Ka tambaya wa ke taɓa shi, da abin da yake shafa masa?" Jikokina suka yi dariya. Gida ne mai katanga, kowa ya fita da mota, ba wanda ya wuni da dabbar ya kalle ta. Likitan bai yi dariya ba.

Namu na Tudun Wada dai ya ƙara damina biyu, gashin ya dawo rabi da rabi. Na jaririn Kawu ma ƙurajen zafi ne, saboda goyo da rigar sanyi biyu.

Washegarin zaman nan, ran Litinin da sassafe, kafin masu saye su iso, na ɗauko gwangwanin na durƙusa a gaban Baba, na ce ni ce nake shafa wa karen, don na ga yana ɗingishi. Baba ya buɗe ya shinshina. Ya dubi hannuwana, busassu, ba ko ɗigon mai. Sai ya juya wajen ƙofar Baba Tsoho ya ɗaga murya.

"Kada ki ƙara. In ƙafa ke damunsa, ruwan ɗumi ya ishe shi."

Na ce to. Na tashi na ɗora ruwa a wuta, na raba shi kwano biyu, na kare da na tsoho, na kai bayan rumbu.