Tsamiyar Yaya Idi ta koma benci

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Idi makwancinsa a Gafasa, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara in lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara. Ƙungiyar ƙwallon garinmu ta ɗauki sabon koci, kuma duk wanda ya san yayana ya san ba a taɓa ɗaukar koci a Gafasa ba tare da an ambaci sunansa ba.

Ga wanda bai san mu ba, filin ƙwallonmu gona ce. Ta mahaifinmu ce, ta faɗo a rabon Yaya Idi, ni kuma na sami wadda ke maƙwabtaka da ita. Da damina gyaɗa ce a ciki. Da an cire gyaɗa an kwashe harawa, sai samari su baje kunyoyi, su kafa sanduna, ta zama ta 'yan Kunama, sunan ƙungiyar ke nan. To, a cikin filin nan akwai tsamiya. Ba a gefe nake nufi ba, a ciki, ta ɓangaren hagu in kana fuskantar ragar gabas. Kakanmu ma a nan ya same ta, kuma tun da aka fara buga ƙwallo a garin ba wanda ya ga dalilin da zai sa a ce ta matsa.

Yaya Idi ɗan gaba ne, ta hagun yake bugawa. Ba shi da gudu, wannan kowa ya sani, har shi kansa. Abin da yake da shi tsamiya ce. In ɗan baya ya taso masa, sai ya buga wa gindinta ƙwallo, ya zagaya ta ɗaya gefen, ta mayar masa a ƙafa, ɗan bayan yana can yana neman inda aka yi da ita. Ba-ni-in-ba-ka da itace! 'Yan ƙungiyar garin Kademi, abokan hamayyarmu, sun sha kai ƙorafi cewa mu goma sha biyu ne a fili. Amsarsa ɗaya ce kullum: ba wanda ya hana su ba ta ƙwallo, in kuma ta ƙi mayar musu, su binciki halinsu.

Yanzu in ka zauna a teburin Tasi'u mai shayi, wanda shi ne shugaban ƙungiyar tun ban fara furfura ba, za ka ji labarin Yaya Idi iri-iri. Yaran da ba a ko haife su ba lokacin da ya ajiye wasa, su ne suka fi kowa sanin yadda yake yanka. Wani ya rantse mini cewa akwai ranar da ya buga wa tsamiya daga tsakiyar fili, ta ɗaga masa, ya sa kai. Ina ji ina gyaɗa kai, don ba ni zan rage wa mamaci daraja ba. Amma ni ƙaninsa ne, na ga ranar da ta mayar masa a hanci, muka kai shi gida yana haɓo, inna tana faɗa tana cewa ƙato da shi itace ya fi shi wayo.

Da gwiwa ta hana shi wasa, sai ya shimfiɗa tabarma a bakin fili ya koma sallamar koci. Bai taɓa riƙe wani muƙami a ƙungiyar ba, ba ya ma zuwa taro. Amma kowane sabon koci da Tasi'u zai ɗauko, daga Ajingi ne ko daga Gaya, da ya iso ya ga fili sai idonsa ya sauka a kan tsamiya, ya tambayi wa ke da gatari. Na farko malamin motsa jiki ne, mutumin kirki, ya yi bayani har da zane a ƙasa. Wani tsohon soja ne, shi ko bayanin bai yi ba, ya ce gobe a sare ta. Yaya Idi ba ya musu da kowa. Washegari sai a gan shi da damin itacen rogo a ka, ya zo ya jingine shi a jikin tsamiya, ya ce yana tunanin bana rogo zai dasa.

Wanda ba manomi ba ba zai gane girman maganar nan ba. Gyaɗa wata kaɗan take yi ta bar gona. Rogo kuwa in ya shiga, ya zauna ke nan har shekara ta zagayo, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ba ƙwallo ba dalilinta. Saboda haka da Tasi'u ya hangi damin nan, sai ya sauke tukunyar shayi, ya nemi koci ya yi masa godiya bisa hidimar da ya yi wa ƙungiya, ya raka shi tashar mota. Tsohon sojan nan bai ko kai ga sanin sunayen 'yan wasa ba. Rogon kuma ba a taɓa dasa shi ba, ni nake kwashe itacen in kai tawa gonar, har na zama mai rogo a garin ta dalilin kocin da ake kora.

Sau da yawa in na shiga gidan kallo na ji yara suna ihu wai wata babbar ƙungiya a Turai ta kori kocinta bayan an zauna an tashi, an yi ta rubuce-rubuce a waya mako da makonni, sai in tuna shi in yi dariya ni kaɗai. Da yana nan, cewa zai yi mutanen nan ba su da rogo ne. Na tabbata kuma ba zai so na'urar nan da ake tsayar da wasa a sake dubawa ba, domin rabin ƙwallayen da ake yabonsa da su, da an sake dubawa da an ga hannu.

A ciwonsa na ƙarshe, ina zaune kusa da shi a zaure, ya ba ni amanar gidansa da ta 'ya'yansa, waɗanda duk ƙanana ne a lokacin. Na ɗauka ya gama. Sai ya sake riƙe hannuna ya ce, "Sale, filin nan na yaran gari ne, kada ka hana su. Tsamiya kuma tawa ce, kada ka bar gatari ya taɓa ta." Na ce to, Yaya. Wallahi a ranar ban ga wata wahala a cikin maganar ba, gani nake abu biyu ne da suke zaune lafiya tun kafin a haife ni.

Sai bana. Yaranmu sun yi ƙoƙari a bara, har masu shirya gasar da ke haɗa ƙungiyoyin Gaya da Ajingi suka gayyace mu, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka kafa Kunama. Tasi'u ya ce wannan karon sai koci mai takarda, ya ɗauko wani matashi daga Kano, Nura sunansa, da usur a wuya da hular rana. Yaro ne mai ladabi, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni. Bai ce a sare komai ba. Masu gasar ne suka zo duba fili, suka zagaya tsamiya suna kallon juna, ɗaya ya tambaya ko wasa muke yi. Suka ce ko dai itace ya fita daga fili, ko Kunama ta fita daga gasa.

Nura ya dawo wurina da yamma, Tasi'u yana bayansa yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, na ji labarin marigayi, na kuma ji labarin rogo. Jakata ma ban kwance ta duka ba. Amma ko kun kore ni, wanda zai zo bayana abin da za su gaya masa ke nan."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ba da yaron ba, da yayana. Na ce a raina, Yaya, ka ɗora mini kaya ka tafi ka kwanta. Gaba kura, baya sayaki. In na ce a sare, na ci amanar mamaci. In na hana, na hana yaran gari filin da ya ce kada in hana su, kuma a cikin yaran nan har da babban ɗansa, wanda yanzu shi ne mai tsaron gida. Washegari da safe na shiga gonata na yanko itacen rogo na ɗaure, na ɗora a ka, na nufi fili kamar yadda na ga ana yi. Samari suna atisaye. Da suka hango ni, ƙwallo ta tsaya, ba wanda ya hura usur. Tasi'u da ke nesa har ya fara sauke tukunya.

Na iso gindin tsamiya na tsaya da dami a ka, wuyana yana ciwo. Ina tsaye ina kallon shingen ƙayar da ya raba gonarsa da tawa, sai abin ya faɗo mini. Masu gasar nan ba su ce a sare itace ba. Cewa suka yi ya fita daga fili. To, tsamiya dai ba ta tafiya, amma fili fa? Sanduna ne da layin toka, duk shekara mu muke kafa su. In aka matsa da su dama, tsamiya ta koma waje. Matsalar ɗaya ce, abin da ke dama ɗin gonata ce, kuma rogo ne a ciki, ya yi kyau, bai gama ƙosawa ba.

Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Rogon da ya yi shekaru yana korar koci, ga shi koci ya kore shi. Samari suka shiga da fartanya suka tumɓuke mini kusan rabin gona a yini guda, suna aiki suna waƙa, wasu suna gasawa suna ci a gabana ba ko kunya. Maiɗakina Uwani ta yi kwanaki ba ta kira ni da komai sai "mai ƙungiya". Duk wanda ya zo gidanmu a makon nan rogo ya ci, da safe da ƙuli, da rana da yaji, har maƙwabta suka fara rufe ƙofa in sun ga an fito da kwano daga gidanmu. Ta ce ta ji ana gadon gona, ana gadon bashi, amma ba ta taɓa jin wanda ya gaji rigimar ƙwallo ba sai ni.

Wasanmu na farko a sabon fili da Kademi aka haɗa mu, kamar da gangan. Tsofaffinsu suka zo, waɗanda suka yi zamani da yayana, suka ga tsamiya a bayan layi, ɗaya ya ɗaga hannu sama ya ce alhamdu lillahi, yau dai goma sha ɗaya da goma sha ɗaya. Aka tashi kunnen doki. Ɗan gabanmu na hagu, da aka matse shi, sau biyu yana juyawa ya buga ƙwallo inda itacen yake a da, ta wuce fayau ta fita. Nura ya cire hula ya kama kai. Mu kuwa da muke zaune muka tuntsire da dariya, ni har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne.

Na sha tambayar kaina me Yaya Idi zai ce da ya ga wannan aiki. Godiya dai ba zai yi mini ba, ba halinsa ba ne. Zai tsaya ya dubi layin tokar nan, ya dubi tsamiya, ya ce a tarihin Kunama ba a taɓa yin kocin da ya ajiye babban ɗan wasa a benci ba sai da ƙaninsa ya sa hannu. Daga nan zai tambayi ina sauran rogon.

Amma ina ganin zai zauna. Domin yanzu inuwar ta faɗo daidai bakin fili, kuma duk tsofaffin 'yan wasan garin nan, masu ciwon gwiwa da masu ciwon baya, can suke shimfiɗa tabarma. Daga nan suke gyara wa Nura aiki da ƙarfi, suna gaya wa yara cewa a zamaninsu ba haka ake yi ba. Tsamiya ta yi abin da kowane ɗan wasa yake yi in lokacinsa ya wuce, ta koma gefe tana kallo tare da sa'o'inta. Yayana bai bar kofi ko ɗaya ba, hotonsa da jesi ma babu. Ya bar fili da yara a cikinsa, da itace a tsaye, kuma duka biyun suna nan yadda ya ce.

A jikin tsamiyar, ƙasa-ƙasa, akwai wurin da ɓawon ya yi santsi saboda dukan ƙwallo. Nan nake jingina bayana in ana wasa. Ranar Juma'ar da ta wuce ƙwallo ta fita, ta bugi gindin, ta koma cikin fili ta tsaya a ƙafar ɗan Yaya Idi da ya fito ɗaukowa. Alƙalin wasa ya ce jifa ce ta abokan karawa. Ban yi musu ba, doka ce. Na dai shafa itacen na ce Allah ya jiƙan mai ba ki ƙwallo.