Garin Kalar da Aka Kankare wa Suna

Tun kafin kayan su iso nake cikin fargaba. Maigida ya bar shagon ubangidansa a Sabon Gari ya kama nasa ɗan ƙarami, kuma karon farko ke nan da ya yi odar garin kala da kansa, irin wanda masu haɗa fenti suke saya. In kayan nan suka maƙale, shago ya tashi, sai ya koma yaron wani. Ni kuwa ga goyo, ko yaye ban yi ba. Ina cikin wanki sai in tsaya da hannu cikin kumfa ina tunanin teku, wadda ban taɓa gani ba.

Ranar da aka ce kwantena ta shigo Kano har guɗa na rangaɗa, maƙwabtanmu a Fagge suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Washegari maigida ya dawo da mummunan labari. Kwastam sun riƙe kaya.

'Yan layinsu suna da wata dabara. In mutum ya samo kala mai kyau, sai ya sa dillalinsa na Dubai ya kankare rubutun jikin durom, don kada na kusa da shi ya leƙo ya gane inda ake samowa. Haka maigida ya yi, a takarda kuma aka rubuta Dubai. Su kuwa kwastam suka ce sai an faɗa musu ƙasar da aka yi garin, don da ita suke aiki.

Ranar da za a buɗe kayan na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce, "Wajen maza ne fa." Na ce ai zuciyata ba za ta zauna a ɗaki ba. Ashe ma mace muka tarar, wata Bafulatana doguwa cikin kaki. Tana ganin tsagen fuskarsa ta yi dariya.

"Au, Babarbare ne! Shi ya sa. Malam, ina aka yi garin nan?"

"Daga Dubai ya taso, ranki ya daɗe."

"Ban tambaye ka inda ya hau jirgi ba." Ta nuno 'yata da biro. "Wannan a ina aka haife ta?"

Na ce, "A Fagge, Hajiya."

"To in kin kai ta Kwaciri wajen kakarta, aka yi mata wanka aka sake mata riga, ta zama haihuwar Kwaciri?"

Na ce a'a.

"Haka kala take. Inda aka sarrafa ta, nan ce ƙasarta. Juye ta a sabon durom ba ya canja komai."

Wallahi sai na ji kaina ya washe. Ni da na tsaya a firamare, ga ni na gane dokar kwastam!

Maigida ya rantse bai san ƙasar ba, dillali ne ya sani. Ta sa aka ɓalle murfin durom. Na ƙanƙame zanin goyo. A ciki akwai buhu ɗinkakke, ba a taɓa shi ba, da hatimin masana'anta ɓaro-ɓaro a jiki. Ta karanta ta ce, "Indiya." Da ta soka ƙarfe ta zaro, shuɗi ya zubo, irin shuɗin da ban taɓa gani ba, har cikin ido yake shiga. 'Yata ta miƙa hannu tana tsalle a bayana.

Hajiya ta ce a nemo shaidar masana'antar, a gyara takarda, kuma tara sai ya biya. "Saura ka sake kankarewa, bawana."

Ya ce, "Fulani dai ba su iya yafiya ba." Kowa ya kwashe da dariya, har shi.

Dillali ya ja rai kafin ya turo shaidar, amma ya turo. Ranar da motar kayan ta shigo layin, ina tsaye bakin shago, 'yan dako suna gangaro da durom, maƙwabta sun zagaye. Wani dattijo ya ce, "Malam, na ina ne?" Maigida ya dube ni, ya ce, "Na Indiya ne, Baba." Faɗin da ya yi bai rage masa komai ba. Kafin la'asar masu fenti sun fara layi, hannun maigida shuɗi har gwiwa, ni kuma bakina ya ƙi rufuwa.

Don Allah in kuna da ɗan uwa mai shigo da kaya, ku gaya masa ya bar rubutun durom yadda ya gan shi, ya kuma tambayi inda aka yi kayan tun kafin su taso.