Mai Tabarau da Shagon Yayanta

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofis, tun masu shara ba su gama ba. Ofis ɗin ma wani ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan kasuwa: tebur ɗaya, benci ɗaya, da fankar da ƙararta ta fi iskarta. Nan ake kai ƙarar ɗan kasuwar da ya cuci mai saye. Sai ta goge tabarau da gefen mayafi, ta ce, "Wa ke gaba?" Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Tabarau na wannan tambaya, ga shi ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kalmomin dokar nan tasu ƙashi gare su, amma ita sai ta tauna maka su. "Mabuƙaci ke ce, Inna. Duk wanda ya sayi abu don amfaninsa, ko da allura ce." Garanti kuwa, in ji ta, alkawari ne da aka rubuta don kada mai shago ya ce ya manta. "Rasit kuma shaidarki ce, ki daina ƙunshe barkono a ciki!" Ba ta barin mutum ya tashi sai ya maimaita da bakinsa. Ni kaina sau huɗu na maimaita, da haƙorana biyun nan.

Amma abin da ya sa na riƙe alƙalami yau, labarin wata tela ne. Mijinta na kwance ba lafiya, yara huɗu, ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi keken ɗinki, wai sabo fil. Kwana tara fentin ya ɓare, sai ga tsatsa, keke ya ƙi motsi, ga ɗinkin mutane jibge. Da ta mayar, mai shago ya nuna mata allo: "Kayan da ya fita ba ya dawowa."

Ta zo ofis tana kuka. Mai Tabarau ta duba hatimin da ke kan rasit. Mu da ke kan benci muka fara zungurin juna, don mun san shagon na yayanta ne, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ya sa ta makaranta. Muka ce yau takarda za ta ɓata.

Ina! Sai ta ce, "Share hawayenki. An sayar miki da tsoho da sunan sabo, wannan yaudara ce. Haƙƙinki ne a canza miki. Maimaita."

Suka ɗunguma sai shago, mu kuma muka bi baya, wai za mu sayi zare.

"Auta, yau ke ce a shagona da takarda?" in ji yayan nata.

Ta rusuna ta gaishe shi. "Ni ce, Yaya."

"Ba ki ga allon ba?"

"Na gani. Fenti ne da katako, Yaya, ba doka ba."

Ta ja baya, ta bar telar ta yi magana. Baiwar Allah ta zayyano kalmomin nan tsaf, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Shi kuwa ƙanwarsa yake kallo.

"Da gumin shagon nan kika yi karatun da kike karanta min yau."

"Shi ya sa ba zan karanta maka ƙarya ba."

Sai ya shiga ciki, ya turo sabon keke a kwalinsa. Da wannan keken telar ta yi jinyar mijinta, ta yaye yaranta daga makaranta.

Abin da mutane ba su sani ba, ni na sani: tun daga ranar, shekara shida ke nan yayan bai taka gidan Mai Tabarau ba. Duk mako takan je gaishe shi, ya amsa da "lafiya" guda ɗaya, ta dawo.

Ke ce bakin marasa baki, Mai Tabarau. Kin sayi gaskiya da tsada, ba ki taɓa faɗa wa kowa farashinta ba. Mun gode, Allah ya saka, ya sanyaya zuciyar Yaya.

Ku kuma masu zama bayan tebur, wata rana hatimin ɗan'uwanku za a ajiye muku a gaba. Ranar nan, ku tuna akwai wadda ta tashi ta tafi shagon yayanta da ƙafarta.