'Ya'yan Gona

Jiya da ruwan shuka ya sauka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno mini da surukata. Tsohuwar nan ba ta sakin kalma sai ta auna ta.

A shekarar farin nan rumbunanmu suka zama wayam, sai tafasa da dusa muke ci. Dami ɗaya na iri ya rage, a rataye a ɗakinta. Ba ta taɓa kiransa gero ba, “'ya'yan gona” take cewa.

Wata rana yarana suka yi kukan yunwa har muryarsu ta dushe. Na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, a ba ni ko zangarniya biyar in daka musu.”

Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, a garinku ana zuba 'ya'ya a turmi?”

Wallahi hannuna ya ƙi miƙuwa. Da gero ta kira shi, da tuni mun cinye. Sunan nan ne ya tsare damin har damina ta faɗi, muka shuka, yaran suka ci tumu.

Allah ya sanyaya makwancinta kamar ƙasar jiya.