Tsohuwar Jif ta Ƙarƙashin Tsamiya

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona, zama ya gagare ni. In na dawo daga masallaci da asuba sai in yi wanka, in sa kaya, in kafa hula, sai na isa bakin ƙofa nake tuna babu inda ake jira na. In koma zaure in zauna, in tashi in leƙa awaki, in kunna rediyo in kashe. Gidanmu yana bayan garin Gezawa, kuma gonata 'yar ƙarama ce, kafin hantsi na zagaya ta sau biyu. Maiɗakina, Hajiya, ta yi haƙuri har wata uku. Wata safiya tana tankaɗe ta ɗago kai ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi. Wannan shiga da fita taka ko kajin gidan nan ta hana su sakewa."

Ba neman abin yi ya kai ni inda na ga motar ba. Ta'aziyya na je wani ƙauye, ta wani dattijo da ya yi fataucin gyaɗa a zamaninsa. Bayan addu'a na zaga bayan gida da buta, sai ga ta a ƙarƙashin tsamiya: tsohuwar jif, irin mai ja da taya huɗu. Tayoyin sun nutse a ƙasa, tsatsa ta ci ƙofofi, wata kaza tana kwanci a kujerar direba. Na tsaya da butar a hannu. Irinta ce ke kai mu ƙauyuka lokacin da na fara aiki, ni a baya tsakanin buhunan iri, kaina yana bugun rufi. Na yi shekaru ina kallon ƙeyar direba, ina sha'awar yadda yake cafko wani guntun giya da ke gefen babban, motar ta yi gurnani ta fice daga taɓo. Ban taɓa riƙe sitiyarinta ba, ko bayan da na koyi tuƙi.

Na daure har aka yi sadakar arba'in, sannan na koma wajen magada. Babban ɗan mamacin ya yi dariya ya ce, "Malam, in ka ɗauke ta ai ka taimake mu. Macizai ke shiga ciki." Muka daidaita. Shanun huɗa biyu suka jawo ta zuwa bakin burji, daga nan wata akori-kura ta ƙarasa da ita ƙofar gidana. Hajiya ta fito ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko murhu za a ƙera da ita.

An kwatanta mini wani tsohon bakanike a gefen Ungogo, inda gonaki ke ƙarewa gidajen bulo ke farawa. Kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu, don ya girme ni. A lokacin adaidaita sahu kawai yake gyarawa, su ne ke zuwa. Da aka jawo jif ɗin gabansa sai ya ajiye abin da yake yi, ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa da sifana yana saurare.

"Ƙashinta lafiya lau," in ji shi. "Sauran kuwa aiki ne. Kana da haƙuri?"

Na ce ina da shi. Ba gaskiya na faɗa ba.

Ni so nake a sa batir, a zuba mai, a murza mukulli. Baba ya ce in muka tayar da injin da ƙasar da ke cikinsa, ranar za mu rabu da shi. Sai ya kwance komai, ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan buhu, yana wanke kowane ƙarfe da kananzir kamar mai wanke jariri. Kullum ina hanya: bas daga Gezawa zuwa birni, adaidaita zuwa Ungogo, in iso in tarar bai wuce inda na bar shi jiya ba. Da ya ga na dame shi da tsayuwa a kansa, sai ya miƙo mini burushin waya ya nuna mini ƙofofi. Na yi sati uku ina kankare tsatsa, farcena ya yi baƙi, har a masallaci nake ɓoye hannu.

Kayan gyara su suka fi wahalar da mu. In na shiga kasuwar birni da samfur a leda, masu shaguna sai su juya shi su miƙo mini, su ce an daɗe da daina kawo irinsa. Wani haƙori ya karye a akwatin ƙaramin giyan nan, wanda shi ke sa tayoyin gaba su ja tare da na baya. Wata biyu ina nema. A wajen 'yan gwangwan na same shi, a ƙasan tarin ƙarafan da ake shirin lodawa.

Wata rana Baba ya tafi suna, ya bar injin a haɗe saura ɗauri. Na zauna, na tashi, na zagaya. Daga ƙarshe na ɗauki sifana na ce bari in rage masa aiki. A noti na huɗu na ji ƙas, ƙarfen ya tsinke a ciki. Da ya dawo ya leƙa, ya dube ni, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, gobe ka huta a gida. Jibi ma." Kwana uku ya yi yana ciro guntun.

A ƙarshen rani motar ta tashi, bayan la'asar. Ta yi tari sau uku, ta fesar da baƙin hayaƙi har masu adaidaita da ke jiran gyara suka watse, sannan ta kama, ƙararta ta daidaita. Baba ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya lumshe ido. Aka yi mata fenti kore. Hajiya, wadda ta fara yi mata ba'a, ita ta ɗinka rigunan kujeru da tamfol, ta karya allura biyu a kekenta tana mita.

Na ɗauka shi ke nan, hankalina zai kwanta. Sai wata matsala ta ɓullo wadda ban taɓa tunaninta ba: ina zan je da ita? A kan kwalta ba ta da daɗi. Ga ƙara, ga nauyin sitiyari, bas-bas suna wuce ni suna danna ham. Motar daji ce, ƙasarmu kuwa babu daji. Daga Gezawa duk inda ka juya, gona ce ta jingina da gona, gari yana hango gari. Ni da na yi aikin gona shekara da shekaru na fi kowa sanin haka, amma na mance.

Da damina ta kankama, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na kasa haƙuri. Na tuna wani burtali, hanyar shanu, da muke bi da can tsakanin ƙauyuka biyu, mai faɗin da mota biyu za su gifta. Na kama shi. Da farko lafiya, amma ina tafiya yana tsukewa, don kowace shekara masu gona na hagu da dama suna ƙara kunya ɗaya. Gero ya fara shafar gilashi. Sai ga kwari cike da taɓo a gabana.

Na tsaya. Na kai hannu na kama guntun giyan, na ja shi baya, na ji ya shiga. Na saki kuloci a hankali. Motar ta sauka cikin taɓon, ta nutse, ta yi gurnani, sai na ji tayoyin gaba sun cafke ƙasa suna jawo mu. Laka tana tashi ta ko'ina, ni ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara. Murna ta sa na ƙara taka totur a daidai hawa. Bayan motar ya zame gefe, kafin in gyara na bi ta kan kunya uku na gyaɗar wani, na tafi da su nesa.

Mai gonar yana nan, a duƙe da fartanya, ban gan shi ba. Dattijo ne siriri, wandonsa a naɗe. Ya tako a hankali, ya dubi gyaɗar da ta fara fure a kwance cikin sawun taya, ya dube ni. Na fito ina ta sallama ina ba da haƙuri. Ya amsa sallamar cikakkiya, sannan ya ce, "Malam, lafiya? Mara lafiya ka ɗauko?"

"A'a."

"To rasuwa aka yi?"

"A'a, Malam."

"To ina za ka?"

Babu inda zan je. Taɓon na zo nema. Na tsaya a gabansa da gemuna fari, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa mutane yadda ake tattalin shuka. Na ce zan rama masa duk abin da ya lalace. Ya girgiza kai, ya miƙo mini fartanyar. Haka na tuɓe takalmi na naɗe riga, na shiga tayar da kunya, shi yana bina yana miƙar da gyaɗar da ba ta karye ba yana danne gindinta. Har azahar muna yi. Da muka gama ya ba ni ruwa a gora, ya leƙa cikin motar, ya taɓa rigar kujera.

"Amma fa tana da ƙarfi," ya ce. "Jakina ma ba ya shiga kwarin nan in an yi ruwa."

Da baya-baya na fita daga burtalin, don babu wurin juyawa, wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo. Na ajiye motar kusan wata guda ban taɓa ta ba, sai dai in tayar da ita da safe in saurari injin in kashe. Da kaka na koma wajen dattijon, ba tare da ya aiko ba, na kwaso masa gyaɗa da harawa zuwa gida, sawu huɗu. Maƙwabtansa suka gani, su ma na yi musu. Na ji daɗin aikin, amma kaka sati nawa ce? Ta wuce, na koma zagayen tsakar gida.

Baba ne ya ba ni shawara. Na kai masa motar duba birki, na yi masa ƙorafi, ya ce, "Ka jira ruwa ya janye. A yankin Watari akwai rafukan da ke ƙafewa da rani, rairayi ne shimfiɗe, babu shukar kowa. Ka rage iskar tayoyi kafin ka shiga."

Hajiya tana da ƙanwa a wani ƙauye ta can, ta daɗe tana son zuwa. Muka tafi tare, ta riƙe ƙarfen gaban mota da hannu biyu tana salati a kowane rami. Muka wuce lambunan masu noman rani, tumatir da albasa kore shar, muka yi zumunci, muka ci dambu. A hanyar dawowa na sami gangaren da masu amalanke ke bi, na rage iska kamar yadda aka ce, na sa ƙaramin giya muka sauka cikin rafin.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Motar tana shawagi a kan rairayi, sitiyari ya yi laushi, babu gero a hagu, babu gyaɗa a dama, babu mai ham a bayana. Na bi lanƙwasar rafin, na juyo, na sake bi. Wasu masu ɗibar yashi suka ɗaga mana hannu. A zagaye na uku na lura Hajiya ta saki ƙarfen.

"Malam," ta ce, tana duban gaba, "tsaya. Wai wannan abin da wuya ne?"

Na dube ta. Shekarunmu tare sun haura talatin, ko keke ban taɓa jin ta ce tana sha'awa ba. Na fito na zagaya, ta matsa kujerar direba tana gyara mayafi, tana waige ko akwai mai kallo. Na nuna mata kuloci da totur. Sau biyu motar ta yi tsalle ta mutu. A na uku ta tafi, a hankali kamar tafiyar raƙumi, Hajiya ta ƙanƙame sitiyari tana cewa, "Wayyo, tana tafiya! Malam, tana tafiya!" Ba ta yi nisa ba ta nufi wani tudun yashi, na ce ta juya, ta juya ta inda ban ce ba, muka hau tudun, salansa ta bugi ƙasa ta saki.

Hajiya ta kashe kanta da dariya har da hawaye. Ni na shiga ƙarƙashi na ɗaure salansar da wata waya da na tsinta a bayan kujera, yashi yana zubo mini a ido. Haka muka kamo hanya muna ƙara kamar injin niƙa, mutane suna fitowa kallo a kowane gari, muka iso gida rana tana gab da faɗuwa. Tun kafin in kashe motar ta ce kada in kuskura in faɗa wa ƙanwarta, kuma sati mai zuwa tana so a koya mata yin baya.